Hidimar Jama'ar Masallaci: Yadda Ake Tsara Aikin Taimakon Al'umma a Gusau, Tsafe da Bungudu

Babu taron da ya kai na masallacin unguwa dawwama. Sau biyar a rana mutanen nan dai su ne suke haɗuwa a sahu, har kowa ya san gurbin kowa. In dattijon da ke tsayawa bayan liman ya kwana biyu bai fito ba, an sani. In baƙuwar fuska ta bayyana da asuba, an gani. Wannan sanin juna jari ne da babu wata ma'aikata ko ƙungiyar agaji ta waje da take da irinsa, kuma a halin da Zamfara take ciki ba ƙaramin abu ba ne. Shekaru ke nan hare-haren 'yan bindiga suna koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin Gusau da garin Tsafe da Bungudu, wasu su sauka gidan dangi, wasu a kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba. Marayu sun ƙaru, matan da aka kashe wa maza sun ƙaru, abinci ya yi tsada.

Tausayi bai yi mana ƙaranci ba. Duk wanda ya ga yadda ake tururuwa zuwa jana'iza, ko yadda hannu ke shiga aljihu in an yi sanarwar mara lafiya bayan Magariba, ya san haka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsari: wa zai yi, wace rana, da me, kuma wa zai ba da bayani bayan an gama. Aikin da aka bar wa kowa, ƙarshenta ba wanda ya yi shi. Wannan jagora ta mutum biyu ce: wanda yake son ya ba da lokacinsa amma bai san ta ina zai shiga ba, da jama'ar da suke son taimakon da suke yi jefi-jefi ya zama aiki mai ɗorewa.

Tushen da muke da shi

Aikin gayya ya riga kowace ƙungiya. Mai gona ya sa rana, ya tanadi fura, jama'a su fito da fartanya su gama masa noma, gobe shi ma ya je ta wani. Abin da ke riƙe gayya uku ne: rana sananniya, aiki sananne, da mutum ɗaya da ya yi kira. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara 'Yan Taru, inda jajoji suke jagorantar matan karkara su zo su ɗauki karatu su koma su koyar a garuruwansu. A zamaninmu Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, da Fityanul Islam ta Kano a 1963, da Izala da aka kafa a Jos a 1978, kowace tana da rundunar 'yan agaji masu kaki da ake gani a filin Idi da wajen wa'azi da sansanin alhazai. Mata suna da FOMWAN tun 1985, ga kuma Red Cross mai koyar da taimakon gaggawa. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, jihar ta samu Hukumar Zakka da Wakafi. Wanda yake son aiki a babbar inuwa, ƙofofin nan a buɗe suke. Sai dai babbar ƙungiya ba ta san wace tsohuwa ce ta kwana da yunwa a lungunku ba. Wannan aikin masallacin unguwa ne.

Akwai abin dubawa a tsarin Yahudawa, waɗanda suka yi ƙarnoni suna zaune 'yan tsiraru a garuruwan wasu, babu hukumar da za su jingina da ita. Jama'ar kowane wurin ibadarsu sukan raba hidima gida-gida: masu suturar gawa daban, masu duba marasa lafiya daban, masu ba da rance marar ruwa daban, masu saukar baƙi daban, kowanne da mutanensa da asusunsa da littafinsa. Ƙungiyar jana'iza ta Yahudawan birnin Prag an kafa ta a 1564, kuma a wancan zamani shiga cikinta girma ne da manyan gari suke nema. Ƙungiyar rance marar ruwa da baƙi daga gabashin Turai suka kafa a Niyu Yok a 1892 tana aiki har yau. Malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya jera sadaka hawa takwas, ya sa mafi girma shi ne a ba mutum rance ko jari ko aikin yi har ya daina buƙatar sadaka. Abin ɗauka a nan shi ne rabon aiki da rubutu, kuma duka biyun addininmu ya riga ya yi mana umarni da su.

Matakin farko: izini da ƙidaya

Kada a fara da sanarwa a lasifika. Mutum biyu ko uku su sami liman a zaurensa bayan La'asar, su ce: "Allah gafarta Malam, shawara muka kawo, muna son ka zama uban tafiyar." In ya amince, a je tare da shi wajen kwamitin masallaci, sannan wajen mai unguwa: "Ranka ya daɗe, ga abin da muke nufi, ba za mu yi komai a bayan idonka ba." Aikin da ya tsallake waɗannan mutane, ko ya fara da kyau, zargi ne zai cinye shi.

Daga nan sai littafi biyu. Na farko na masu iyawa ne. A sayi babban littafi mai layi, a ja gida huɗu: suna, abin da mutum ya iya, ranar da yake da sarari, da abin da zai iya ba da aro. Za a yi mamakin abin da ke cikin sahu ɗaya: tela, magini, malamin asibiti mai ritaya, direba, mai keke napep, mai kemis, ɗalibin jami'a, dattijon da ya san kowace zuriya ta unguwa. Kada a tambayi mutum ko zai taimaka, domin kowa zai ce eh. A tambaye shi: "Ranar Talata bayan La'asar, awa biyu, za ka iya?"

Littafi na biyu na mabuƙata ne: gidajen marayu, tsofaffin da ba su da mai kula, masu doguwar jinya, baƙin da suka sauka. Wannan ba a karanta shi a bainar jama'a. Mutum biyu amintattu ne suke riƙe shi, namiji da mace.

Kwamitin da zai riƙe wannan aiki kada ya wuce mutum bakwai: shugaba, magatakarda, ma'aji, da jagoran kowane aiki. A sa wa'adin shekara ɗaya, a sabunta bayan Babbar Salla. Liman uba ne mai nasiha da sulhu, kada a ɗora masa riƙon kuɗi, don a tsare masa mutuncinsa. Wajen suna kuma a yi hattara: a Zamfara in aka ce 'yan sa-kai, masu ɗaukar makami ake ji. A kira shi kwamitin hidima ko na taimakon juna.

A fara da aiki biyu kawai. In sun zauna da gindinsu wata uku, a ƙara na uku.

Jana'iza

Da ita ya fi dacewa a fara, domin farilla ce a kan jama'a, kuma ba ta ba da sanarwa. Ana buƙatar masu wanka maza da mata, masu haƙa, mai yanka likkafani, mai shela, da mai mota in maƙabarta da nisa. Kowane gurbi a sa mutum biyu ko uku, don in wani ya yi tafiya kada a tsaya cirko-cirko.

A ajiye akwati ɗaya a ɗakin ajiyar masallaci, mabuɗi biyu a hannu biyu. A cikinsa: farin yadi da zai isa babba biyu da yaro, almakashi, allura da zare, sabulu, kafur, busasshen ganyen magarya, safar hannu ta roba, takunkumin fuska, bokiti da buta. A gefe: makara mai ƙwari, diga biyu, shebur biyu, gatari, fitila mai caji, da itatuwa ko tukwanen rufe kabari. Duk abin da aka ɗauka a mayar da madadinsa kafin kwana uku. Da rani ƙasa takan yi tauri, sai a raba masu haƙa kashi biyu suna karɓar juna. Da damina a duba inda ruwa ba ya kwanciya.

Wankan gawa ba a koyonsa da baki kawai. Matashi ya tsaya kusa da wanda ya ƙware, ya riƙa zuba ruwa, ya ga yadda ake suturta al'aura, yadda ake fara da gaɓoɓin alwala da ɓangaren dama, yadda ake juya mamaci a hankali. Sharaɗi mafi girma shi ne riƙe baki: abin da aka gani a wajen wanka, a nan yake ƙarewa. In amai da gudawa ne ya yi ajalin mutum, ko wata cuta mai yaɗuwa, a kira ma'aikatan lafiya kafin a taɓa gawa. In baƙo ne da ba a san danginsa ba, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda kafin a rufe, a rubuta kamanninsa da inda aka sa shi, domin wata rana danginsa za su zo nema.

Maƙwabta su ɗauke wa gidan mamaci girki na kwanakin zaman makoki, kamar yadda Sunna ta koyar. Amma babban aikin yana farawa ne bayan an naɗe tabarmi. Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a gabanta, sau da yawa ba mai shigo da cefane. A sa mata biyu su riƙa leƙa ta kowane mako, a shigar da gidan littafi na biyu.

Duba marasa lafiya da ba da jini

Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da Asibitin Mata da Yara na Sarki Fahad, da manyan asibitocin Tsafe da Bungudu, kullum akwai mutanen karkara da suka zo ba su san kowa ba. Dubi mai jinyar da ta kwana huɗu a kan tabarma a baranda, ba ta yi wanka ba domin ba wanda za ta bar wa yaron, takardar gwaji tana ninke a bakin zanenta ba ta san ɗakin da za ta kai ba. Abin da take buƙata ba wuya gare shi: wadda za ta zauna mata awa ɗaya, wanda zai raka ta wajen yankar kati da ɗakin gwaji da wajen karɓar magani, da kwanon abinci mai zafi.

Kafin a fara, jagoran aikin ya gabatar da kansa ga hukumar asibiti da shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, a san fuskokinku. A kiyaye lokacin ziyara. A je bibbiyu, maza wajen maza, mata wajen mata. Kada a daɗe: "Sannu Baba, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne." A yi addu'a, a tambayi mai jinya abin da ya fi matsa musu, a fita. Ba a ɗaukar hoton mara lafiya, ba a ba shi labarin wanda irin ciwonsa ya kashe, ba a kawo masa wani magani a kan na likita.

Jerin masu ba da jini yana cikin abu mafi amfani da masallaci zai mallaka. Mace mai zubar jini bayan haihuwa, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini da damina, mai amosanin jini, wanda aka harba, duk ba sa jiran gari ya waye. A sa rana matasa su je a gwada rukunin jininsu, a rubuta. Mai bayarwa ya kasance lafiyayye, daga shekara 18 zuwa 65, nauyinsa bai gaza kilo 50 ba. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Namiji ya bar wata uku tsakanin bayarwa da bayarwa, mace wata huɗu, don haka a riƙa rubuta ranar da kowa ya bayar. Ya ci abinci ya sha ruwa kafin ya je. Ba a karɓar ko sisi a kan jini.

A haɗa da jerin masu abin hawa na dare, kowa da makonsa, asusun kwamiti ya biya kuɗin mai. Naƙuda da tsakar dare ta fi kowane abu buƙatar a san ƙofar da za a buga.

Baƙi 'yan gudun hijira da marayu

Kwana ukun farko su ne mafi tsanani. Wanda ya baro garinsa da kayan jikinsa yana buƙatar ruwa, tabarma, tukunya, gidan sauro da hatsin da zai kai shi mako. A tanadi irin wannan ƙunshi ko guda biyar ne a ajiye. A kai sunan baƙo da garin da ya fito wajen mai unguwa tun ranar farko, domin wannan kariya ce gare shi da ku baki ɗaya. Bayan mako a tambaye shi sana'arsa. Yawancinsu manoma ne da makiyaya da masu sana'ar hannu, mutanen da ba su saba roƙo ba, kuma karɓar sadaka kullum yana ci musu rai. Wanda ya sama wa magidanci aikin gona ko na gini, ko ya tsaya masa a kasuwa, ya fi wanda ya ba shi kwano goma.

A sa ido a kan yara. Ma'aikatan lafiya suna koyar da awon dantse cikin ɗan lokaci, da wani siririn ma'auni mai launi uku, ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti a ranar. In rawaya ne, tsakanin 11.5 da 12.5, a kai shi a duba kafin ya faɗa. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura shi ma asibiti kai tsaye, ko da ya yi kama da mai ƙiba.

Kowane gidan marayu a ba shi mai kula guda ɗaya da aka san sunansa, ya je duk mako biyu, ya san ajin kowane yaro da ranar da hatsi zai ƙare. Maganar gado ba ta kwamiti ba ce: a haɗa su da malami masani ko kotu, kada a taɓa dukiyar maraya ko da sunan ajiya.

Karatu

Malaman makaranta masu ritaya, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau, da na Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe, nan ne fagensu. Yamma biyu a mako ta isa: karatun Hausa da lissafi ga yaran da gudun hijira ya yanke wa makaranta, da ajin yaƙi da jahilci ga manya. A raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba. Ga almajiran tsangayar unguwa, da izinin malaminsu, a sa ranar wanki da aski da yanke farce, a kawo sabulu, a kai mai ƙazwa asibiti. Doka biyu ba sassauci: ba duka, kuma babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai a rufaffen ɗaki.

Rance marar ruwa da kayan aro

Mai tuyar ƙosai ko awara, mai ƙuli-ƙuli, mai ɗinkin hula, sau da yawa ɗan jari kaɗan ne tsakaninta da rufin asiri. Asusun rance ya kasance daban da na sadaka. A ba da kaɗan, na ɗan gajeren lokaci, a biya mako-mako, ba ƙarin ko kwabo. A rubuta, da shaidu biyu, da wanda zai tsaya wa mai karɓa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, saboda haka ba rashin yarda ba ne. Wanda ya biya a kan lokaci a ƙara masa a zagaye na biyu. Wanda ya gaza don wata musiba a jinkirta masa, in ta kama a biya masa daga asusun sadaka, don kada na rance ya mutu.

Kayan aro ma haka: keken marasa lafiya, sandunan dogarawa, tabarmi, manyan tukwane, rumfa. Gidaje da yawa suna da irin waɗannan a jibge bayan mai su ya warke ko ya rasu. A tattara, a rubuta wanda ya ɗauka da ranar mayarwa.

Gayyar unguwa

Wannan ta masu ƙarfi ce da ba su da lokacin mako-mako. A watan Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai, a yashe lambatu da kwalbati. Bayan damina a sare ciyawar maƙabarta, a cike kaburburan da suka rufta. A gyara bakin rijiya da famfon burtsatse. A gaya wa kowa kayan aikin da zai zo da shi, a fara bayan Asuba, a tashi kafin rana ta take.

Masu shela su san saƙon kowane lokaci. Da damina amai da gudawa: a tafasa ruwa lita ɗaya, ya huce, a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe da gishiri rabin cokalin shayi, a riƙa ba mara lafiya a kan hanyar asibiti, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Da bazara sanƙarau, wanda ya yi wa Zamfara mummunar ɓarna a 2017: zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba a kwana da su a gida.

Ɓangaren mata

Rabin aikin nan maza ba za su iya shi ba, domin ba sa shiga cikin gidaje. Mata su kafa nasu reshe ta makarantar Islamiyya, da shugabarsu da littafinsu, mutum ɗaya tak ya zama mahaɗa tsakaninsu da kwamitin maza. Su ne masu wankan gawar mata, masu leƙa mai jego da mai takaba, masu gane gidan da aka daina ɗora tukunya. Wadda ba ta fita ma tana da gurbi: girkin asibiti, ɗinkin kayan marayu, koyar da sana'a a tsakar gidanta. Magidanta su sani cewa izinin da suka bayar shi ma hidima ce.

Kuɗi da amana

Yawancin irin waɗannan tafiyoyi kuɗi ne yake watsa su. Ƙaramin karo-karo na kowane mako da kowa zai iya ya fi babbar kyauta ta mutum ɗaya, domin wanda ya ɗauki nauyi shi kaɗai, shi zai riƙa juya akala. Da kaka a karɓi hatsi, tiya ɗaya ko dami ɗaya, a adana inda ƙwari ba za su ci ba. In za a buɗe asusun banki, a buɗe da sunan kwamiti, masu sa hannu uku, sai biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Kada kuɗin jama'a ya kwana a asusun wani. Duk ƙarshen wata magatakarda ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a liƙa takardar a bango. A faɗi adadin gidajen da aka taimaka, ban da sunayensu.

Zakka ba a cakuɗa ta da sauran kuɗi, domin masu cin ta kashi takwas ne da Alƙur'ani ya ƙayyade. Ta hatsin damina ɗaya cikin goma ce, ta noman ban ruwa ɗaya cikin ashirin, ta kuɗi ɗaya cikin arba'in, in sun kai nisabi. Ba a yashe lambatu da ita, ba a sayen diga. Kwamiti ya san wakilan Hukumar Zakka da Wakafi na yankinsa, ya miƙa musu sunayen da suka fi ƙarfinsa. Kyautar ɗan siyasa kuwa, in da sharaɗin hoto ko tuta, a yi godiya a bar masa.

Tsaro da iyaka

Kwamitin hidima ba ya ɗaukar makami, ba ya bincike, ba ya shiga cinikin kuɗin fansa da sunansa. Abin da ya shafi tsaro a miƙa wa masu shi. Kada a tura kowa ƙauye sai an tambayi mutanen wurin halin hanya a ranar, kuma ba a tafiyar yamma a hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa, ko hanyoyin da suka ratsa daji. Kada a yi shelar wanda ya ba da kuɗi mai yawa, domin kunnuwa da yawa ne suke saurare, kuma ɓoye sadaka ya fi lada. A tuna watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya: jerin da ke cikin waya kaɗai bai amfani kowa ba. A riƙe komai a takarda, kowane jagora ya san gidajen mutanensa da ƙafa.

Masallaci ne ya tara ku, amma hidimar ta maƙwabci ce ko wane ne shi. Ɗan ɗariƙa da ɗan Izala su ɗauki makara ɗaya. Bafulatanar da ta gudo da 'ya'yanta da Bahaushiyar da ta gudo da nata, wuta ɗaya ce ta koro su, kuma ranar da aka fara tambayar ƙabila kafin a ba da tabarma, aikin ya lalace. Kirista maƙwabci a Sabon Gari in ya buƙaci jini a ba shi, in ya fito gayya a ba shi shebur.

Don kada a gaji

Mutum biyar masu zafin nama sukan ɗauke komai a wata ukun farko, a na huɗu su faɗi. Maganinsa juyi: awa biyu a mako ga kowa, hutu ga wanda ya nema ba tare da gori ba, da mataimaki matashi ga kowane jagora. Masu wankan gawa da masu karɓar waɗanda aka harba suna ganin abin da ke hana barci, a riƙa zama da su ana jin ta bakinsu. Taro kada ya wuce rabin awa, tambaya uku: me aka yi, me ya gagara, wa ke da mako mai zuwa.

Wata na farko

Mako na ɗaya, a ga liman da kwamitin masallaci da mai unguwa. Mako na biyu, a buɗe littafin masu iyawa bayan Isha'i, mata su buɗe nasu a Islamiyya. Mako na uku, a zaɓi jagorori, a haɗa akwatin jana'iza, a je gwajin jini. Mako na huɗu, a liƙa jadawalin juyi a bango, sunan kowa da ranarsa, a karanta lissafin farko ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Wanda kuma masallacinsu bai shirya ba tukuna, kada ya jira: ya nemi mai wankan gawa na unguwa ya ce yana son koyo, ko ya je a gwada jininsa ya bar sunansa, ko ya ɗauki gidan marayu ɗaya ya riƙe. In mutum uku suka yi haka wata biyu ba fashi, su ne za su je zauren liman, kuma za a saurare su domin an ga aikinsu. Allah ya ba da iko, ya karɓa, ya zaunar mana da Zamfara lafiya.